Sangen Inna

Zafin bana ya zo da wuri. Iska ta ɗauke ɗif, bedin tsakar gidanmu ya tsaya ko ganye ɗaya ba ya motsi, ruwan randa kuwa sai ka ce daga murhu aka sauke shi. Jiya da hantsi na je likita, asibitin garinmu, layin karɓar sange, gidan sauron nan da ake rabawa kafin damina, na tsaya cikin mata rana na dukan ƙeyata. Da aka miƙo mani nawa da na surukata, sai na ga ledar ɗaya ta ɗan yage a gefe. Warin sabon sange ya bugi hancina, nan take na koma wata bazara da ta wuce, lokacin ƙaramar ɗiyata Hasiya na goye a bayana. Yau ga ta can tana zuwa lakol, makarantar boko, har gyara mani magana take yi.

A waccan shekara azumi tsakiyar bazara ya faɗo. Yaran yanzu da ke yin nasu cikin ɗan sanyi-sanyi suna kukan ƙishi, dariya kawai suke ba ni. Daminar da ta gabata kuwa ta yi mana wulaƙanci: ruwa ya ɗauke gero na fidda kai, muka tsaya a gona muna kallon sama har wuya ya yi ciwo. Abin da muka kai rumbu bai kai rabinsa ba. Ana gama kaka mazan garinmu, nan wajen Gangara, suka fara ɗaure kaya zuwa biɗa, wato neman kuɗi, wasu Agadas, wasu gaba da Agadas inda sai an keta rairayin hamada.

Maigidana ma na cikin masu shirin tafiya. Sunansa Lawali, yau dai na faɗa tunda labari ne, amma Malam nake ce mashi. Ya taɓa yin ci-rani ƙetaren iyaka, wajen Katsina, a gidan wani mai kiwon tarwaɗa, abin ya zauna mashi a rai. Wata rana da yamma muna zaune ina tsince wake, sai ya ce shi fa rami zai haƙa cikin gida ya zuba kifi.

Na aje faifan na dube shi. “Kifi? A gidan nan? Mu da muke rabon ruwan alwala da akuya?”

“Ke dai ki tsaya ki gani.”

“Ai a tsaye nake. Ina zan je? Kai ne mai tafiya.”

Ya tsinke wani haki yana wasa da shi. Sannan ya ce, “In kifin nan ya yi, Rabi, na bar biɗa. Ba Agadas, ba gaba da Agadas. A gida zan zauna.”

To, ni mai baki ce, duk unguwa ta sani, amma wannan magana ta wuce ba'a. Na san matan da mazansu suka keta rairayin nan, na san yadda suke zabura in salula ta yi ƙara. Daga ranar ban sake yi ma kifi ba'a ba, sai dai kaɗan-kaɗan in abin ya ci ni.

Inna, mahaifiyarsa, tana zaune bakin ɗakinta tana kaɗi, ta ji duk abin da aka ce. Ba ta ɗaga kai ba. Malam ɗanta ne na fari, ita kuwa irin tsofaffin nan ce masu riƙe kunyar ɗan fari da ƙarfi. Tunda na zo gidan ban taɓa jin ta kira sunansa ba, ban taɓa ganin ta dube shi ido cikin ido ba. “Wancan” take ce mashi. In tana da magana da shi, ni take gaya mawa ko da yana tsaye kusa: “Ke, gaya ma wancan danga ta faɗi.” In ya yi zazzaɓi ba ta leƙa shi, sai dai in ishe kunu mai zafi a bakin ƙofata, ba wanda ya ce shi ya kawo. Don haka ba ta da bakin da za ta ce mashi kada ya tafi.

Akuyarmu ta tafi kasuwa ta dawo siminti da bulo. Ya haƙa ramin a ƙuryar gida, gefen ɗakin Inna, faɗin tabarma biyu, zurfinsa iya ƙugu. Ya shafe shi sumul, ya cika da ruwa ya bari ya jiƙa, ya kwashe, ya sake cikawa, har warin siminti ya fita. Ruwan da aka kwashe ko ɗigo bai zube banza ba, da shi muka yi wanki da yaɓen ɗaki. Ya kafa rumfar zana a kai saboda rana da shirwa.

Sai aikin tano, wato duron da zai riƙa tace ma kifi ruwa. Ya sayo wani shuɗin tanon roba a kasuwar Gazawa, ya ɗora shi bisa dakali a bakin ramin, ya huda ƙasansa ya sa tiyo. Can ƙasa ya jera manyan duwatsu, bisansu tsakuwa, sai gawayin da na daka mashi ba laushi ba, sai yashi mai tsabta da ya ɗebo a gulbi da amalanken maƙwabcinmu. A can sama ya ninka wani tsohon sangenmu da ya sha wanki har ya koɗe, ya shimfiɗa. Ka ɗebi ruwan rami da bokiti ka juye a bakin tano, sangen ya tare kashin kifi da ragowar abinci, sauran ya bi yashi da gawayi da tsakuwa, ya fito ta tiyo ya koma rami yana tsiyaya. Yanzu na ji akwai masu ɗan inji mai aiki da hasken rana da ke jan ruwan da kansa. Mu injinmu hannu ne, nawa da nasa.

Ya kafa mani doka. Sange kullum a fidda shi a ɗauraye. Duwatsu da tsakuwa kuwa kada a kuskura a sa masu sabulu, yauƙin nan da ke kama su shi ke cinye dattin ruwa.

Na ce, “Wato ƙazanta ce maganin ƙazanta.”

Ya ce, “Haka na gani ana yi.”

“To Allah ya sa kada a ce Rabi ce ba ta iya wanke-wanke ba.”

'Ya'yan kifin a bayan babur suka iso, cikin bido, irin jarkar nan ta ruwa, da aka yanke ma baki, sun sha jijjiga tun daga ƙetare. Kowanne bai fi ɗan yatsana ba, baƙaƙe, da ɗan gashin bakinsu kamar na tsofaffin maza. Wasu sun mutu a kwanakin farko, Malam ya tsame su yana ta salati. Sauran suka kama.

Haka rayuwar gidan ta koma bin ramin nan. Ana sallame asuba sai juyen ruwa, shi ya ɗebo ya miƙo, ni in juye, har kafaɗa ta yi tsami. Da hantsi a ba su abinci: dusa da ƙuli-ƙuli da garin zogale, in an dace da jinin mahauta a dafa a cuɗa, a murza ƙanana a shanya. Daga nan in goya Hasiya in tafi layin pompo da bidona. Da azahar a yayyafa ma zanar rumfa ruwa. Da la'asar a sake juye. Jefi-jefi Malam ya shiga ramin da kwando ya ware manyan, don tarwaɗa muguwa ce, babba ƙarama take haɗiyewa.

Inna kuwa ko kallon ramin ba ta yi in yana gida. Amma sai na lura tana fita da sassafe da wata fasasshiyar tukunya cike da jiƙaƙƙen kara, ta kife ta bakin shuri, kashegari ta ɗauko ta maƙil da gara.

“Inna, wanga fa?”

“Na kaji ne.”

Kaza ɗaya gare mu, ita ma gurguwa. Ta aje tukunyar daidai bakin ramin ta wuce ɗakinta. Na kwashe da dariya har sai da ta jefo mani tsinke.

Ban san lokacin da na fara son 'yan banzan nan ba. In aka watsa gara, ruwan sai ya tafasa, su taso suna cafke suna fantsama, Hasiya ta leƙo ta kafaɗata tana ƙyalƙyata. Suka kai tsawon tafin hannu, suka wuce. Matan unguwa suka riƙa shigowa kallo, har da waɗanda suka ce Malam ya taɓu. Wata mai tuwo-tuwo a tasha ta aiko cewa in sun isa ita ce ta farko. Malam ya fara maganar rami na biyu. Da daddare ba na ƙara jin yana juye-juye bisa tabarma.

Sai azumi ya kama, zafi ya sauko da gaske. Kai, wannan zafi! Tun hantsi ƙasa ke ƙona ƙafa ta cikin takalmi. Ƙadangaru su laɓe gindin randa baki buɗe. Miyau ya kafe, harshe ya manne, in ka yi magana da yawa sai ka ji kanka na sarawa. Abin buɗa-baki fura ce da aka tsinka har kana ganin gindin ƙwarya, sai kwaɗon zogale, tuwo kuwa ba kullum ba. Nonona ya ja baya, Hasiya ta riƙa tsotso tana kuka, ni ma wani lokaci in taya ta. A haka muke ɗaga bokiti safe da yamma.

Pompon gari ya fara tari. Ya kawo kaɗan ya ɗauke, layin bido ya miƙe har bakin masallaci, mata na faɗa kan wuri da azumi a bakinsu. Rijiya ta yi ƙasa, guga na fitowa da laka. Abin da nake samowa da ƙyar yake isar sha da girki da alwala. Canza ma kifi ruwa kamar da ya gagara, sai dai ɗan ciko. Su kuwa sun girma, cinsu ya ƙaru, kashinsu ya ƙaru. Ransu gaba ɗaya ya koma kan tanon nan.

A daidai lokacin tsohon sangen ya gaza. Dama ya ruɓe, ɗaurayar kullum ta ƙarasa shi, ya zama tsumma, ka taɓa nan ya yage can. Datti ya riƙa wucewa ya toshe yashi. Malam ya gwada buhu, ruwa ya ƙi wucewa. Ya gwada tsohon zanena, ya toshe tun kafin bokiti na uku. Namu sangen da muke kwana ciki ni da yarinya ya ce ba za a taɓa ba, damina na tafe. Ruwan rami ya yi duhu, ya fara wani ɗoyi da ke kai har ɗakin Inna. Kifin suka rage ci, suka riƙa tsayuwa a sama suna haki.

Ranar nan da hantsi salularsa ta yi ƙara. Abokinsa ne daga arewa, ina jin muryar tana fitowa: akwai aikin gini, akwai wuri, me yake jira? Malam ya ce, “Bari dai in gani.” Na dubi wajen Inna, na ga mazarinta ya tsaya a hannunta.

Bayan azahar ina kwance a inuwa kamar matatta, sai na ji an aje abu a bakin ƙofata. Inna ce, da sabon sange fil cikin ledarsa, wanda aka ba ta a rabon bara ta ɓoye cikin adaka tana tattali.

“Ki ba wancan. Ya sa ma tanon.”

“Haba Inna! Damina fa ta kusa. Ke da me za ki kwana?”

“Sauro ya san ni, na san shi. Ba yau muka fara ba.”

Malam na tsaye gindin bedi yana ji. Ya matso ya durƙusa, kansa a ƙasa. “Inna, Allah ya saka da alheri.”

Ta juya mashi baya ta ce da ni, “Ke, gaya mashi rana na yi, ya bar tsayuwa.”

Wallahi na ga hawaye a idonsa lokacin da yake farke ledar. Sangen fari tas, ƙarfi gare shi, ga wannan wari na sabon abu. Ya kwashe yashin ya ɗauraye da ruwan rami, ya mayar, ya ninka sangen ya shimfiɗa a sama, ya cika bakin tano dam. Muka hau juye, ƙarfi ya zo mana ban san daga ina ba. Ruwa ya riƙa fita ta tiyo garau, rabon da mu ga haka an daɗe. Na ce, “Malam, wanga ruwa ai ko ni sai in sha in an kira salla.” Ya yi dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba.

La'asar na yi sai wani kifi ya yi tsalle ya bugi bangon rami. Wani ya bi shi. Kafin mu ankara ramin ya rikice, suna gudu ba kan gado, suna juyawa kamar an ɗaure masu wutsiya, wasu na karkarwa, wasu na kifewa ciki sama su sake miƙewa. Ban taɓa ganin haka ba, shi ma bai taɓa ba.

“Innalillahi! Malam, mene ne?”

“Dattin ne. Dattin kwanakin nan ne ya kama su. Juye, Rabi, juye!”

Muka juye. Ya ɗebo, na juye, ya ɗebo, na juye, bokiti na kuɓuce mani saboda hannu ya mutu. Hasiya na tsala kuka a bayana, Inna ta zo ta kwance ta. Na ƙwala kira ta kan danga. Maƙwabciyata Hajo ta shigo da gudu, ta ga abin da ake ciki, ta koma ta kirawo mutane. Nan da nan gida ya cika, maza da mata, kowa da azumi a baki, leɓe a bushe. Aka yi layi daga rami zuwa tano, bokiti na bin hannu.

Abin da ba zan manta ba, matan nan da muke zage-zage da su a pompo, su ne suka riƙa shigowa da bidonsu a kai. Ruwan da suka wuni a rana suna jira, ruwan buɗa-bakin 'ya'yansu. Hajo ta dire nata ta ce, “Ungo, Rabi. Mu ma sha na randa.” Malam kuwa, don tsabar son ya yi daidai, ko wannan sabon ruwan bai yarda a zuba kai tsaye ba. Ya ce a bi da shi ta tano ya tace tukuna. Haka aka yi, duk bidon da ya shigo ta bakin tanon ya bi.

Ruwa na ƙara haske, kifi na ƙara mutuwa. Kana hango ƙasan ramin tar, kana ganinsu suna sauka ɗaya bayan ɗaya suna kwanciya. Wani ya ce a zuba gishiri, aka zuba. Wani ya ce ganyen bedi, aka tsinko. Wani dattijo ya yi tofi a ƙwarya aka juye. Malam ya shiga cikin ramin da rigarsa, yana tallabo su da hannu biyu yana kaɗa masu ruwa, kamar mai lallashin jariri. Aka kira magariba ba wanda ya motsa sai da Hajo ta tura ma Malam ludayi a baki. Ni dai na zauna a ƙasa na rasa abin da zan yi da hannuwana. Babu irin ƙoƙarin da ba mu yi ba, kuma ban san wa zan roƙa ba bayan Allah.

Da gari ya waye babu mai motsi ko ɗaya. Sun taso sun rufe ruwan, ciki fari-fari a sama, zafi har ya fara kumbura su. Muka tsame su muka tara a masaki da kwando. Nama ne tuli, a shekarar da yara ke lasar ƙwarya.

Na ce, “Malam, ko bandarsu a yi a wuta. A raba ma mutanen da suka ba mu ruwansu.”

“Ban san abin da ya kashe su ba. In ba ɗiyan mutane?”

“To mu mu ci! Ni zan ci!”

“Ke mai shayarwa? A'a.”

Na yi masifa, na yi kuka, na ce mashi abin da bai kamata ba. Ya ɗauki hauya ya haƙa rami bayan danga ya binne su, ya danne da ƙaya saboda karnuka. Gaskiyarsa ce, na sani tun a lokacin, amma yunwa ba ta bar ni na yarda ba sai daga baya.

Kowa ya kawo nasa dalili. Wasu suka ce zafi ne, wasu suka ce bakin mutane, tunda an cika shigowa kallo. Malam ya tsaya a kan cewa dattin ne ya riga ya shige su. Inna kuwa ta shiga ɗaki ta wuni ba ta fito ba, mazarinta na yashe a bakin ƙofa. Sangen na fidda na wanke na kai mata, ta ce ya yi ƙarni, in yi abin da na ga dama da shi. Da shi na kewaye 'yan shukar zogale saboda kazar nan.

Bayan salla da 'yan kwanaki hadari ya haɗo daga gabas, aka kwana ana ruwa. Ƙamshin ƙasa ya cika gari, kowa ya saɓi sungumi sai gona. Da muka dawo shuka na leƙa ramin, ya cika har baki da ruwan sama mai sanyi, wanda muka yi wata da watanni muna roƙo. Kafin mako ya zagayo kwaɗi sun tare a ciki suna ta kuka.

Malam ya yi noman daminar nan kamar wanda aka aiko. Ana gama kaka ya ɗaure jakarsa. Ban roƙe shi ba, da me zan roƙe shi? Da safen da zai tafi ya durƙusa bakin ƙofar Inna ya ce, “Inna, zan tafi. A yafe mani.” Tana ciki, ba ta fito ba. Can sai muryarta ta fito, da ni take: “Rabi, gaya ma wancan tanonsa na nan. Ba mai taɓa shi.”

Shekarun farko yana kira, yana aiko da abin da ya samu, kullum maganarsa baɗi zai dawo ya sake gwadawa. Daga baya kiran ya ja baya. Rabonmu da muryarsa yau damina biyu ke nan. Wani ya ce ya gan shi, wani ya ce ya ƙara gaba. Ni ce yanzu mai zabura in salula ta yi ƙara. Tanon na nan bisa dakalinsa, rana ta cinye shuɗinsa, kuma ba wanda ya taɓa shi.

To jiya, a layin nan na likita, bayan an miƙo mani sangen, sai wata malamar likita ta hau kan benci tana yi mana bayani. Ta ce a shanya shi a inuwa kafin a kwana ciki. Ta ce kada a wanke shi a tafki ko a bakin rijiya, don maganin da ke jikin sabo ba sauro kaɗai yake kashewa ba, kifi ma in ya shiga ruwansu ko kaɗan ne ba su kwana.

Wata daga baya ta ce, “Kifi kuma? A ina muka ga kifi a nan?” Aka yi dariya.

Ni kuwa sai na zauna a ƙasa cikin rana da ledoji biyu a cinya. Na ga layin mutanen nan, bokiti na bin hannu. Na ga Hajo na dire bidonta, na ji Malam na cewa a bi da shi ta tano tukuna. Ashe duk bokitin da muka ɗaga da azumi a bakinmu, mu ne muke ƙara masu gubar sabon sangen. Da mun gaji mun zauna, da wataƙila wasu sun tsira. Wata mata ta dafa ni ta ce ko jiri ne, na ce mata e, jiri ne.

Na iso gida na ishe Inna bakin ƙofarta. Ta tsufa ƙwarai yanzu, ido ya yi rauni, kaɗin ma ta bari.

“Rabi, kin karɓo?”

“Na karɓo, Inna.”

“Sa nawa cikin adaka.”

Na san akwai wasu a ciki, na rabon da aka yi bayan tafiyarsa, ko ledarsu ba a farke ba. Ita kuwa cikin wani tsohon da Hajo ta ba ta take kwana, duk huji. Da can na ɗauka tattalin tsofaffi ne kawai, har tsiya nake yi mata.

Na ce, “Inna, naki ya mutu. Bari in ɗaura maki wanga, bara zazzaɓi ya kusa tafiya da ke.”

“A'a. Na wancan ne.” Ta lalubo hannuna ta riƙe, abin da ba ta saba yi ba. “Tsohon sange ne ya ɓata mashi ruwa waccan shekara. Ni kuwa ina da sabo a adaka, ina kallo, ina jin kunyar fiddowa. Na makara, Rabi. Da na ba shi da wuri, da yanzu yana gida. In ya dawo ya ishe su da yawa, kada ya sake rasawa.”

Ni Rabi, da ba a taɓa rufe mani baki a layin pompo ba, na nemi kalma ɗaya da zan ba tsohuwar nan na rasa. In ce mata ba ta makara ba? Ai za ta tambaye ni to me ya kashe kifin, in ce mata sabon sangenta ne?

Na shiga ɗakin na buɗe adakar, na ɗora shi bisa 'yan'uwansa, na rufe. Sannan na kwanto tsohon daga kan gadonta, na ɗauko allura da zare, na zauna gindin bedi ina ɗinke hujin ɗaya bayan ɗaya, tunda damina ta kusa.